Famfon da ya kasa gane Juma'a

Jama'a, yau albasar Kawu Sale ta sha iyo!

Kun san script ɗin, wato ɗan shirin kwamfuta, da na rubuta wa famfon gonarsa a Wad Haddad, nan yankin Jazira inda Larabci ake yi. Yana tambayar kwamfuta sunan rana, in amsar ta zo daidai da "Friday", sai ya kashe ruwa. Muna dawowa daga masallaci, ruwa har ƙauri!

Kawu ya ce, "Injiniya, aikinka ke nan?"

Na ce, "Wallahi aikina lafiya lau yake."

Na buga wa kwamfutar date, umarnin da ke nuna rana, a gabansa. Sai ga amsa da Larabci, aljumu'a!

Na ce, "Kawu, wa ya canza wa kwamfutar harshe?"

Ya gyara rawani, ya ce, "Ni ne. A Jazira za ta yi mini Turanci?"