Ranar da na haska 'yar Alhaji a bango

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a cikin Daura, kaina ya yi wani irin kumbura da har yau in na tuna sai in girgiza kai. Ban daɗe da gama karatun lantarki ba, gani nake duk ƙasar Daura babu mai riƙe ƙarfen dalma kamar ni. Canja wa mutane batir da gilashin fuskar kwamfuta ya gundure ni, so nake in ƙera wani abu nawa na kaina.

Abin da na sa a gaba shi ne ɗan sakit, wato haɗin kayan lantarki, da zai haɗa kwamfutar cinya biyu da majigi ɗaya. Na sha ganin wahalar da ake sha a wajen taro: wannan ya gama nuni, a zare wayarsa, a soka ta wancan, majigi ya tsaya yana tunani, mutane na hamma. Wani ɗan Ibo mai shagon kayan gyara ya samo mini wani ƙanƙanin kayan lantarki da ake kira ayisi, wanda ke karɓar hoto ta ƙofa biyu ya fitar ta ɗaya. Ayisin yana da ƙafa guda wadda ita ke gaya masa ƙofar da zai buɗe. Duk mai hankali maɓalli zai haɗa wa ƙafar nan, a danna, hoto ya canja. Ni kuwa na ce maɓalli aikin 'yan koyo ne. Na zauna na zana wani ɗan sashe da zai riƙa jin wutar da kwamfuta ke turowa idan ta farka, duk wadda ta farka daga baya ita za ta karɓe majigin. Ranar da ya yi aiki na tara maƙwabtan shago, ina buɗe wannan ina rufe waccan kamar mai rufa-ido.

A lokacin ina neman wata yarinya 'yar Sandamu da ke karatu a Daura. Mahaifiyarta ta sani, mahaifiyata ta sani, amma magana ba ta kai ga maza ba. Shirinmu sai an gama girbi baffana zai je nema mini. Mahaifinta wani Alhaji ne mai kwarjini, shugaban ƙungiyar manoman yankinsu, ita ce kuma 'yar farinsa. Kun san yadda dattawanmu suke da 'ya'yan fari. Ko sunanta bai taɓa faɗa ba, sai dai ya ce «yarinyar nan», in ta shigo gaishe shi ƙasa yake kallo. Ni kuma na samu hotonta da aka ɗauka a bikin ƙawarta, tana dariya, mayafi ya zamo mata kafaɗa. Na mayar da shi fuskar kwamfutata, har na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: matata, in Allah ya yarda.

Ina da wani aboki malamin gona. Wata rana ya ce in zo da majigi in taya shi, zai nuna wa manoman Sandamu bidiyon yadda ake adana wake ba tare da an zuba masa magani ba. Da na ji wanda zai shugabanci taron, ban bari ya rufe baki ba na amsa. So nake Alhaji ya fara ganina a matsayin injiniya kafin ya san ni a matsayin suruki.

Da muka isa ajin da za a yi taron, an rufe tagogi da tabarmi don duhu, abokina ya ga ina fito da sakit ɗin.

«Kai, wannan fa? Kwamfuta ɗaya ce za mu yi aiki da ita,» in ji shi.

Na ce masa ya bar ni, ko da tasa za ta ba da matsala ga tawa a shirye. Gaskiyar magana kuwa, so nake a ga abin da wutsiya biyu a tambayi wanda ya ƙera shi. Wayar tawa gajera ce, sai na ajiye kwamfutar a gefen teburin dattawa, a buɗe, na sa ta barci.

Bayan la'asar aka fara. Aji ya cika, har da masu leƙe ta ƙofa. Bidiyo na tafiya, ana nuna yadda ake ɗaure bakin buhu, dattawa na gyaɗa kai. Ina tsaye a baya na harɗe hannuwa ina jin kaina. Sai Alhaji ya so ya gyara zaman hularsa, ya nemi inda zai ajiye carbin da ke hannunsa, ya ɗora shi a kan madannan kwamfutata, sai ta farka.

Sakit ɗina bai yi kuskure ba, abin da na koya masa ya yi. Buhun wake ya ɓace, 'yar Alhaji ta cika bango tana dariya, ga rubutuna a ƙasa kowane harafi ya kai tafin hannu.

Can wani tsoho da bai iya riƙe magana ba ya ce, «A'a! Alhaji, wannan ba 'yar wajenka ba ce?»

Alhaji bai ɗaga kai ba. Ƙasa ya kalla, yadda yake yi in ta shigo gaishe shi, ya ce da abokina cikin sanyin murya, «Malam, a mayar mana da wakenmu.»

A nan na gane abin da na ƙera. Babu maɓallin da zan danna. Na ruga gaba ina tsallake ƙafafun mutane, na fizge waya, ashe ta abokina na zare. Hoton na nan daram. Dole na miƙa hannu a gaban Alhaji, na ɗauke carbinsa, na rufe kwamfutar. Ban san yadda aka gama taron ba. Na dai san ban tsaya gaisawa da kowa ba, a kan babur ina komawa Daura ji nake kamar kowa a hanya ya ga bangon nan.

Labari ya riga Alhaji isa gida. Mahaifiyata ta ji kafin in faɗa mata, ta ce, «Kai yanzu 'yar mutane ka ɗauka ka kafa a bango gaban ubanta? Me ta yi maka?» Yarinyar ta daina ɗaga wayata, ta daina zuwa makaranta, don a garinsu an fara cewa wa ya san sauran hotunan da ke cikin na'urar. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Ni na yi burgar, ita ake yi da sunanta. Da ƙyar ta amsa kirana sau ɗaya, abin da ta ce kawai shi ne, «Kai a gaban mutane ka ji kunya. Ni a gaban Baba.»

Baffana bai jira girbi ba. Ya yi mini faɗan da ban taɓa ji daga bakinsa ba, sannan ya ɗauki abokansa biyu suka tafi Sandamu. Ya ce Alhaji ya bar su sun gama duk bayaninsu, sannan ya ce, «Ai kun makara. Yaronku ya riga ya nema a gaban jama'a. In ban ba shi ba, wa zan ba?»

An ɗaura aure. Kafin nan na kwance sashen nan da nake taƙama da shi, na haɗa wa ƙafar ayisin maɓalli, irin wanda na raina. Bayan biki na kai wa ƙungiyarsu guda ɗaya kyauta. Na durƙusa na miƙa wa Alhaji, ya jujjuya shi, ya danna maɓallin da babban yatsa.

«Wannan sai an taɓa shi yake canjawa?»

Na ce, «Eh, Baba.»

Ya ce, «To, madalla.»

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan a kan ranar, har yau.

Mutane kan ce ai abin ya zame mini alheri, tunda na samu mata. Ni ba haka nake jin sa ba. Na same ta ne ta hanyar da na bar mahaifinta ba shi da zaɓi, na kuma sa ta kwana tana kuka a ɗakin mahaifiyarta, duk don a ce na iya. Tun daga nan ban ƙara ƙera abin da zai yanke shawara shi kaɗai ba tare da na bar wa mutum inda zai danna ya tsayar da shi ba. Fuskar kwamfutata yanzu hoton gonar gero ne, matata ce ta zaɓa. Duk da haka, in Alhaji ya yi sallama a gidana, hannuna ne yake fara rufe kwamfutar kafin bakina ya amsa.