Batula da Ludayin Inna

Batula Garba tana aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. Ta koma gida Ɗantutture, inda mahaifiyarta, Inna Azumi, ke dama fura da nono tana kaiwa kasuwar Kurfi. Da wannan sana'a ake ci a gidan.

Ba a jima ba wani saƙon murya ya bazu a wayoyi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai rantse cewa cutar a nonon shanu take. Masu saye suka janye. Inna ta riƙa dawowa da ƙwarya cike.

Batula ta hau dutsen bayan gari, inda sabis ke kamawa. Ta karanta shafin hukumar lafiya, ta gwada shi da bayanan likitoci, sannan ta kira wata ma'aikaciyar asibiti da ta sani. Duk bakinsu ɗaya: dafaffen nono ba ya ɗauke da cutar, numfashi da yawu take bi. Nan ta tuna cewa ludayi ɗaya masu sayen Inna ke sha da shi, wannan ya ajiye, wancan ya ɗauka.

"Inna, nononki ba shi da laifi," in ji ta. "Ludayin ne."

"Ke ja can! Ludayin da ya kai ki bokon?"

"Baki da yawa, Inna, ludayi guda."

"To in ce ma dattijo ya zo da kwanonsa? Ai sai ya ce ƙyamarsa nake."

"Ni zan faɗa."

Ta ɗauki muryarta a waya, ta ce nono ba shi da laifi, amma kowa ya riƙa zuwa da kofinsa. Ta faɗi sunanta da na mahaifinta, da inda ta samo kowace magana, don mai shakka ya bincika. Ta kai wa masu cajin waya su tura wa jama'a. Wasu suka laƙaba mata Likitar Kan Dutse.  Duk ranar kasuwa tana gefen Inna da bokitin ruwa da sabulu, tana maimaita bayanin ga duk wanda ya tsaya.

Ba kowa ya dawo ba, amma cinikin ya farfaɗo har ya riƙe gidan. Wata rana wani mai saye ya zo hannu sake. Kafin Batula ta yi magana, Inna ta riga ta.

"Malam, ina kofinka? Je ka ɗauko, ina nan."