Ƙuri'ar da Ta Yi Tawaye a Akwatin Tsibirinmu

Malachy Gilhooly mijin yayata Attracta ne, kuma sai da ya yi shekara goma sha ɗaya bai ce mini ci kanka ba, a tsibirin da ba ya da hanya sai guda ɗaya. Zarginsa shi ne ni na hana a gina mana matsayar jirgin ruwa.

Masunci ne kamar kowa a nan, amma ranar ƙidayar ƙuri'a wani mutum yake komawa. Sai ya sa kwat ɗin aurensa, ya ƙetara zuwa babban gari, ya lafe jikin shingen teburin ƙidaya da fensir da takarda. Ma'aikata suna warware ƙuri'u, shi yana leƙe yana jan layi, kafin a sanar da komai ya san abin da kowane akwati ya haifa. Wannan aikin ya yi wa Fintan Mulqueen tun yana ɗan takara mai keke, har ya zama minista, har ya hau kujerar Firaminista a Dublin, babban birnin ƙasarmu, sau biyu.

A zaɓensa na farko Mulqueen ya hau ganga a ƙofar coci, ya ce mu ba shi akwatinmu cif, shi kuma ya ba mu matsayar jirgi ta siminti. Ba kwaɗayi ne ya ja mu ba. Da hunturu teku kan rufe mu mako uku, ba likita ba ungozoma. Dukanmu mu ashirin da bakwai muka rubuta masa lamba ɗaya a takardar ƙuri'a, wato shi ne zaɓinmu na farko, bai ba mu ko tsakuwa ba, wai mu bari ya zama minista. A sanyin shekarar Attracta ta yi naƙuda kwana biyu, jirgi yana shawagi a waje ya rasa inda zai tsaya. Yaron bai zo da rai ba, ba ta kuma sake haihuwa ba.

A zaɓe na biyu ne ƙuri'a ɗaya ta yi tawaye. Ta bai wa abokin hamayya lamba ɗaya, ta bar layin Mulqueen fayau. Haka a na uku, haka a na huɗu. Mulqueen kuwa ya sami tsuntsu daga sama gasasshe. Duk sanda aka yi masa zancen matsaya sai ya dafa kafaɗar Malachy a gaban jama'a ya ce, “Malachy, har yanzu ba ka kama ɓeran nan naku ba? Kama shi tukuna mu yi magana.”

Ni ban taɓa yarda da Mulqueen ɗin nan ba. Hannunsa ya cika laushi, kuma babu jana'izar da ba za ka gan shi a sahun gaba ba. Har na taɓa zargin shi ya sa ake jefa ƙuri'ar don ya sami abin fakewa. Malachy dai ya haɗiye maganar ɗungurungum, ya shiga farauta. Ya fara da malamar makaranta. Aka yi mata canjin wurin aiki, ƙuri'a na nan. Ya koma kan tsoho Thady mai gunaguni. Thady ya mutu, ƙuri'a na nan. Sannan ya faɗo kaina, don ranar da aka kunna wutar murnar zaman Mulqueen Firaminista ban kawo ko tsinke ba, alhali bayana ne ya riƙe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kowane zaɓe nakan toshe hanci in ba Mulqueen saboda darajar Malachy.

Cutar ta kama kowa. Idan ka yi dariya ana zancen gwamnati a rediyo, kafin yamma an kai masa rahoto. Ni ma ban tsira ba: na zargi mai yi wa limamin cocinmu girki, na zargi mai kai wasiƙu. Attracta kaɗai ba ta sa baki. Ta goge masa kwat, ta feƙe masa fensir, ta ɗaure masa burodi da man shanu, idan ya dawo yana huci ta ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Ta rasu da bazara, aka yi zaɓe da kaka. Tsakanin zaɓen baya da wannan ba wanda ya mutu ko ya bar tsibirin sai ita. Na je ƙidayar a karon farko, ban san me ya kai ni ba. Aka zazzage akwatinmu, Malachy yana jan layi, har takarda ta ƙarshe. Duka na Mulqueen ne. Abin da ya nema shekara talatin ya samu, sai na ga ya sake ƙirga layukan da kan fensir, ya kuma sakewa.

Mulqueen ya iso da baki har kunne. “Ka ga namiji. Ka kama ɓeran ke nan?”

Malachy ya ce, “Ban kama ba, ranka ya daɗe. Binnewa na yi.”

Mulqueen ya yi dariya ya wuce teburi na gaba, ban tsammanin ya ma ji ba. A jirgin komawa Malachy ya zo ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, “Colman, dama ka sani?” Na ce masa Allah ne shaida ban sani ba, ƙaninta ne ni amma ko a mafarki ban kawo ta ba. Bai ba ni haƙuri ba, ya dai miƙo mini rabin burodinsa, wanda ya yanka da kansa a karkace.

Mulqueen ya sake tsayawa sau ɗaya kafin ya ajiye siyasa. Malachy ya sa kwat ɗinsa duk a yamutse, ya je ya tsaya jikin shinge kamar kullum. Da aka buɗe akwatinmu, ƙuri'a biyu ne suka bar layin Mulqueen fayau. Ya ja layukansa biyu, bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Har yau a kan duwatsu muke sauka.