Darbejiyar Isam

A unguwar Arba wa Nus, can gabashin Alƙahira, an san tsohon nan mai farar jallabiya da ke tare mota kowace Juma'a da safe. Ustaz Ya'ƙub ke nan, Bahaushen Sudan, haifaffen birnin Madani, wanda ya koyar da lissafi har furfura ta cika masa kai. Yaƙi ne ya koro shi Masar, shi da matarsa Zeinabu da ɗansu Isam. Ba su daɗe ba ciwon ƙoda ya ɗauke Isam, aka binne shi a wata maƙabarta a bayan gari. Can tsohon yake zuwa. Yana da jarka a wurin mai gadi. Ya cika ta, ya yayyafa wa kabarin ruwa, ya yi addu'a, ya mayar da ita.

Makarantar da ya koyar a cikinta ita ce ta koyar da shi. Turawan mulki suka gina ta da jan bulo, ya shige ta ana gab da tafiyarsu. Bai manta sanyin azuzuwan masu dogon rufi ba, bai kuma manta bulalar da ya sha ba ranar da Hausa ta suɓuce masa a aji. Amma in ya zauna hira, zancen bishiyoyi yake yi. Duk sabon ɗalibi sai an ba shi dashen darbejiya ya shuka, ya riƙa ba ta ruwa da gwangwaninsa kafin a buga ƙararrawa. Da sunan yaron ake kiran bishiyar. In ya rasu, ubansa ke karɓar gwangwanin. Turawa suka tafi, al'adar ta zauna, har layin bishiyoyin ya fita daga haraba ya nufi bakin kogi.

Da ƙura ta lafa a Madani, mutane suka fara komawa. Wata rana Sharhabilu, tsohon ɗalibinsa, ya kira shi a waya ta bidiyo yana nuna masa makarantar. Babu rufi, babu tagogi.

"Bulon yana nan, Ustaz, ya fi mu taurin kai. Bishiyoyin ne aka sare, da su aka yi girki lokacin wahala. Taka ta bushe, ma'alish, sai haƙuri."

"Ai ta tsufa kamar mai ita."

"Amma dubi wannan." Ya sunkuyar da wayar kan wani kututture da ya fid da toho kore shar. "Ta Isam ce. Mun ce kowa ya kama tasa kafin awaki su gama da su. Wannan ba mu ba kowa ba. Ka san dokar."

Ya sani. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. In ya koma, ba lallai ya sake ganin kabarin ba.

"Wa zai zuba masa ruwa?" ya tambayi Zeinabu.

"Malam, kai da ka koyar da lissafi? Addu'a daga ko'ina tana isa. Kututture kuwa sai an je da ƙafa." Ta goge ido da gefen mayafi. "'Yarmu Khairat tana nan Alƙahira da aikinta a unguwar Dokki, ba za ta bar kabarin yayanta ba. Ni dai na gaji da hawa benen garin nan."

Juma'ar ƙarshe ya daɗe a tsugunne. Ya zuba ruwan a hankali, daga kai zuwa ƙafa, ya gaya wa ɗansa cewa bishiyarsa ta yi toho. A bakin ƙofa mai gadi ya miƙo hannu kamar kullum zai karɓi jarkar.

"Yau da ita zan tafi," in ji Ustaz Ya'ƙub. "Akwai mai jiran ta a Madani."