Sunan da Aka Laƙaba wa Gwak Mal-sun

Shekara arba'in Gwak Mal-sun ta yi tana sayar da tafarnuwa a kasuwar Uiseong ta ƙasar Koriya, rumfarta jikin tawa. Gajeriya ce mai kaifin murya. In ta yi wa mai saye tsawa, har layin masu kifi sai an ji. Ita ce ta biyar a jerin 'ya'ya mata a gidansu. A bayanta aka haifi namiji, Byeong-du. Shi kaɗai aka sa a makaranta, ita kuwa ta tashi da goyonsa a baya da fartanya a hannu.

Mahaifiyarta ta gaya mata wai an raɗa mata Mal ne saboda ta zo duniya da baki, tunda mal a harshenmu magana ce. Har taƙama take yi da hakan.

Tana da shekara sittin da tara ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta ja ni muka tafi tare. Wata rana Malama Pyo ta ce kowacce ta zo da takardar rajistar gidansu, a fassara mata sunanta. Da aka zo kan Mal-sun, malama ta duba takardarta, ta ce:

"Inna, mal ɗin kala-kala ne. Akwai magana, akwai doki, akwai ma'aunin hatsi. Waɗannan namu ne tun kaka da kakanni."

"To wanne ne nawa? Ki ce doki, in fasa miki allon nan."

Muka kwashe da dariya, ban da malama. Ta zana harafin da ke cikin takardar: siffar itace, da dogon layi a ƙolinsa.

"Naki aro ne daga rubutun Sin. Bakin reshe ke nan, ma'anarsa ƙarshe. A da ana sa wa 'ya mace shi don a ce matan sun isa haka, namiji ya zo."

Mal-sun ta miƙe, kujera ta kife. Washegari ko rumfa ba ta buɗe ba. Ta sa ni gaba muka hau mota zuwa Daegu, gidan ƙanenta, wanda ya yi ritaya daga shugabancin makaranta. Ko takalmi ba ta cire ba ta taka masa ɗaki.

"Kai, mai ilimi! Ka san abin da sunana yake nufi?"

"Haba Yaya, wa bai sani ba? Ki zauna a kawo shayi."

"Ka sani! Shekara sittin kana kirana Ya-isa-haka, kana cin shinkafar da na noma!"

Byeong-du ya yi murmushi. "To ai sunan ya ci, Yaya. Ga ni na zo."

Mal-sun ta ɗaga farantin shayin da matarsa ta kawo, ta dire shi da ƙarfi har kofi ya tsage, ta fice. A mota ba Byeong-du take zagi ba, mahaifiyarta ce, wadda ta shekara talatin a kabari.

"Ta dubi tsabar idona ta yi mini ƙarya. Ita ma fa mace ce, kin ji!"

Ta nemi kotu ta canza mata suna. Ma'aikacin ya ce zai cike mata takardar, ta fizge abarta. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana rubuta dalilinta da hannunta, layi biyu kacal, a karkace: "An sa mini suna don a kori irina. Ban yarda ba."

Bayan wata biyu amsa ta zo. Ta zama Gwak Ye-rin. Muka yi ta tsokanarta, wai tsohuwa da sunan 'yan mata.

"Ku ci kanku," in ji ta. "Ni na zaɓa."

Duk wanda ya kira ta da tsohon suna, ko buhu goma zai saya, ba ta ɗaga kai. Ta kuma daina zuwa girkin tunawa da iyayensu, wanda ita ke yin sa tun tana budurwa.

Da bikin kaka ya zo, Byeong-du ya aiko mata da kwalin 'ya'yan itace, da tsohon sunan a jiki. Ta sa yatsa ta karanta shi harafi-harafi, sannan ta tura wa mai kawo saƙo kwalin da ƙafa.

"Mayar masa. Babu mai wannan suna a kasuwar nan."