Rijiyar da Aka Dakatar Daga Amurka

Cikin duk shekarun da na yi a aikin rijiya, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba: ranar da na shiga buro, wato ofishinmu, a Madarumfa da safe, aka miƙo mini takarda cewa rijiyar da muke gyarawa a karkarar Gabi ta tsaya, bisa umarnin shugaban ƙasar Amurka. Wajen ƙarshen watan Janairu ne, mutumin bai daɗe da komawa kujerarsa karo na biyu ba. Ni dai ban taɓa zaton ya san da zamanmu ba. Ashe duk cikin harkokin da ke gabansa, na cikin gida da na waje, ramin da magininmu Malam Ilu yake ciki da dagi a hannu yana cikin abubuwan da suka tsone masa ido.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ni ne shef shantiye a lokacin, wato mai tsayawa a kan aiki a daji. Sama da ni akwai kordinatan poroje, wato shugaban shirin namu, Alhaji Laminu. Sama da shi akwai babban buro a Yamai, sama da su kuma akwai masu ba da taimakon, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba sai tutarsu a jikin mota. Ƙasa da ni akwai Malam Ilu, maginin rijiya, dattijo ɗan garin Sarkin Yamma, da leburorinsa. Aikinmu gyaran tsofaffin rijiyoyi ne. Rijiyar gargajiya da itace ake ɗaure ta don kada rairayi ya rufta. Mu kuwa sai mu cire itacen kaɗan-kaɗan daga sama, mu kafa mul, wato zoben ƙarfe da ake zuba siminti a bayansa, in ya bushe a kwance shi a sauka ƙasa. Muddin ana wannan aiki ba a jan ruwa, domin ƙasa na zuba ciki tana toshe idon.

Ƙauyen, wanda ba zan faɗi sunansa ba, rijiya ɗaya gare shi. Ba ta da kyan gani, ruwanta ja ne, amma tun zamanin kakanni ba ta taɓa ƙafewa ba. Mai gari bai so a taɓa ta ba. Sau uku ina zuwa da hotunan rijiyoyin da muka gama, ina yi masa wa'azin tsutsar ciki da zawon yara. A zuwa na uku yayarsa, Iya Hajo, wadda ita ke jagorancin matan garin, ta tambaye ni inda za su sha kafin mu gama. Na ce su daure su riƙa zuwa maƙwabta da jakuna na kwana arba'in kacal. Har ƙirji na dafa. Ina jin wannan dafa ƙirjin ne ya sa suka yarda, kuma shi ne ya fi ci mini rai daga baya.

Bisa ƙa'ida, kafin a cire itace ko ɗaya sai an kafa allon poroje. Muka kafa shi, babba, da tuta, da rubutu cikin Faransanci cewa wannan kyauta ce daga mutanen Amurka. A garin ba mai karanta shi, amma ya yi kyau a hoto. Wata ƙa'idar kuma ta ce kada a ajiye simintin da ya wuce na mako ɗaya a ƙauye, wai don kada talakawa su sace. Saboda haka duk simintin rijiyar yana kulle a magaza, wato ɗakin ajiyarmu, a Madarumfa, kowace Litinin kamyon, babbar motar kayanmu, ya kai na makon.

Ranar da takardar ta zo, rijiya mai gaba goma sha huɗu mun zuba mata tara. A ƙasan wurin mun riga mun cire itace na kusan tsawon gaba guda, rairayi tsirara yana jiran siminti. Ba tsohuwa, ba sabuwa.

Na ce wa Alhaji Laminu ko a bar ni in kai simintin makon nan kawai in rufe wurin da ke buɗe. Ya gyara tabarau ya sake karanta mini takardar, kamar ni ban iya karatu ba. Kwana casa'in za a yi ana nazarin duk taimakon da ƙasar ke bayarwa a duniya. Kafin nan ba a tuƙa mota, ba a buɗe magaza, ba a yin kowane aiki da ke cikin jerin ayyukan poroje.

Na ce, "Alhaji, rairayi ya san da kwana casa'in ɗin nan?"

Ya ce, "Shef, ni ma ban san ko ina da aiki gobe ba. Ka rubuta."

Alhaji Laminu ba mugu ba ne. Mutum ne da Allah ya halitta da tsoron takarda, in da za a rubuto masa cewa an dakatar da numfashi, sai ya nemi ƙarin bayani a rubuce kafin ya shaƙa. Na rubuta. An ce ayyukan ceton rai za a iya barinsu su ci gaba, don haka na roƙa a sa rijiyarmu a ciki. Bayan mako biyu amsa ta zo cewa rijiya gini ce, ba ceton rai ba. Ranar na ƙaru da ilimi, domin a da ina zaton mutum na mutuwa in bai sha ruwa ba. Tare da amsar aka haɗo wata takarda mai tambayoyi, mu cika mu bayyana ta yadda aikinmu ke amfanar Amurka, ta fuskar tsaronta ko arzikinta. Na zauna da biro a hannu har azahar ina neman hanyar da ta haɗa gugan Iya Hajo da tsaron Amurka, ban samu ba.

A mako na uku aka ba mu izinin fita sau ɗaya tak. Ba don mu yi aiki ba, don mu kwaso kayan poroje mu mayar magaza: mul, da ƙarfe mai ƙafa uku da ake jan ƙasa da shi, da igiyarsa. Man da ba a samu na kai siminti ba, an same shi na kwaso ƙarfe. Ni da na dafa ƙirji, ni aka tura.

Mun isa da hantsi. Tun daga nesa na hango mata da jakuna suna dawowa daga maƙwabta, kowane jaki da jarkoki, wasu matan da goyo. Sun fita tun bayan asuba. Kwana arba'in ɗina sun cika har sun wuce. Mai gari ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin bishiyar bedi, kuma kamar yadda aka saba, kafin gaisuwa ta yi nisa Iya Hajo ta fito da ruwan baƙo a kwanon sha. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Kunya ta hana ni ɗaga kai, ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na ɗauki kwanon na kafa kai. Ban sauke ba sai da na ga gindinsa.

Na yi wa mai gari bayani, na shugaba, da kwana casa'in, da nazari. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko shi shugaban ya taɓa zuwa Gabi, na ce a'a. Ya tambaya ko wani laifi suka yi masa, na ce a'a. Don in cika zance sai na gaya masa har tambaya aka aiko, wai mene ne amfanin rijiyar ga Amurka. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "To ka rubuta musu, in sunka biyo ta nan za mu ba su ruwa su sha. In akwai."

Daga nan muka nufi bakin rijiya. Malam Ilu yana nan zaune a inuwar allon poroje, wanda sai ranar na ga amfaninsa. An sallami leburorinsa, amma shi ya ƙi tafiya gida. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa barin rijiya da baki buɗe ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Na duba inda muka bar mul ban gan shi ba. Ni da kaina na ga an kwance shi an jingine a gefe ranar da muka tsaya, har na sa a rahotona. Na leƙa rijiya, sai ga shi can ƙasa, a kafe daidai wurin da muka cire itace, an ɗaure kusoshinsa tsaf, igiya ta riƙe shi daga ƙarfe mai ƙafa uku.

Na ce, "Malam, yaushe mul ya koma ciki?"

Ya ce, "Shef, ni tsoho ne, kwanaki na ruɗe mini. Abin da na sani, shi ka riƙe da rairayin. Ka hidda shi yau, gobe ba rijiya."

Ya dube ni, na dube shi. Ya san na sani, ni ma na san ya ji labarin zuwanmu tun kafin mu taso. Nan na tsaya da takardar umarnin kwaso kayan a aljihu. In na koma da kayan, na cika umarni, garin kuma ya rasa rijiya har abada, domin in rairayin nan ya rufta sai dai a nemi wani wuri a fara daga sama. In na koma ba kayan, ni ne shef ɗin da ya bar dukiyar poroje a daji.

Na koma gefe na kira Alhaji Laminu. Na ce masa mul yana cikin rijiya. Ya ce a fito da shi mana. Na ce to, amma ya tuna cewa fito da mul sai an sauke mutum, an kwance kusoshi, an ja igiya, kuma kwance mul yana cikin jerin ayyukan poroje, layi na shida, shi da kansa ya sa wa jerin hannu. Na ce ni a shirye nake, ya dai aiko mini a rubuce cewa ya ba da izinin yin aikin gini a lokacin da shugaban Amurka ya hana.

Ta wayar na ji yana buɗe takardu yana neman layi na shida. Can ya ce, "Kada ka taɓa komi. Ka rubuta cewa kayan na wurin da ba a iya kai gare su ba tare da an karya umarni ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Shef, ban tambaye ka yadda ya shiga ba." Daga ranar na daina raina Alhaji Laminu. Kamyon ya koma Madarumfa ba komai a bayansa, ya cika aikinsa.

Sauran aikin ba da mu aka yi ba. Mai gari ya aika wa mutanen garin da ke cin rani a Jibiya da Katsina. Siminti ya fara isowa buhu ɗai-ɗai a bayan babur, wani mako biyu, wani mako ba ko ɗaya. Mata suka ɗebo tsakuwa daga gulbi a hanyarsu ta dawowa daga ɗiban ruwa. Malam Ilu ya yi aiki a kan fura da tuwon dare, magidanta suka zama leburorinsa. Ni kuma ranakun Asabar nakan hau babur ɗina in je gaishe da mai gari, kuma ba laifina ba ne in igiyar awo ta faɗo daga aljihuna a bakin rijiya. Sun yasa ƙasar da ta zuba, suka kai ga ruwa ana saura kaɗan damina ta sauka.

Nazari kuwa ya ƙare kafin rijiyar. Sakamakonsa layi biyu ne: an rufe poroje, an gode mana. Simintin da aka kulle don kada talakawa su sace ya sha raɓa a magaza ya daskare, kowane buhu ya zama dutse, ba wanda ya saci ko ɗaya. Sai da aka kafa kwamiti na mutum uku ya tabbatar da cewa ya lalace kafin a zubar.

Da suka gama, mutanen garin suka wanke mul, suka shafa masa baƙin mai, suka ɗoro shi a amalanken shanu har Madarumfa don su mayar da kayan mutane. Suka tarar da buro a kulle. Aka nuna musu gidana. Har yau yana jingine a bayan ɗakina, ina jiran Amurka ta aiko wanda zai sa hannu ya karɓa.

Bayan sallar layya na koma garin. Allon yana nan, yana ta shaida wa jakuna cewa rijiyar kyauta ce. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bedin nan, Iya Hajo ta kawo ruwa a kwanon nan dai, fari tas, mai sanyi. Na kurɓa kaɗan na ajiye. Ta tura mini kwanon ta ce, "Sha ka ƙoshi, ɗana, wanga namu ne. Na rannan ne na so ka rage muna."

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ga abin da na samu. Kada ku cire wa mutane itace ko ɗaya sai simintin rijiyar gaba ɗaya yana jibge a gabansu, ko ƙa'ida ta ce me. Kada ku dafa ƙirji a kan abin da wani zai iya tsayarwa da biro daga wata duniya, domin shi ba zai zauna a kan tabarmar ba, ku za ku zauna. Ni dai tun daga ranar, duk ƙauyen da aka miƙo mini ruwa, sai na tambayi inda aka ɗebo shi kafin in kai baki.