Kafar Da Na Toshe Tsakanin Inna Da Maƙwabciyarta

A shekarun da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, ban daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba, ina aiki a wani ofishi cikin birnin Sakkwato inda muke zana wa masu hali gidaje a sababbin unguwanni. Edita, don Allah a sakaya sunana, domin mutanen da zan ba da labarinsu suna raye, ba su kuma san na rubuto ba. A lokacin nan, wallahi, gani nake duk ginin da ba a fara zana shi a takarda ba shirme ne kawai. In na je gida Bodinga na bi lungunan unguwarmu, nan a karkace can a lanƙwashe, sai in riƙa girgiza kai ina cewa a raina mutanen da ba su san layi ba. Abin da na saba da shi a birni shi ne fili mai kusurwa huɗu, doguwar katanga, get na ƙarfe, kowa da nasa, kana iya shekara ba ka san fuskar wanda ke bayan katangarka ba. Wannan shi nake kira ci gaba, kuma duk wanda ya yi mini musu sai in ce bai waye ba.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Gidan sai Inna da ƙanena, manomi, da matarsa. Gidan ƙasa ne tun na kakanni, da wata damina ta ci ɓangaren katanga sai na ce shi ke nan, lokaci ya yi da zan nuna wa garinmu abin da na karanto, a rushe a yi na bulo. To a bayan ɗakin Inna akwai abin da muke kira kafa, wata 'yar gajeriyar ƙofa ce a jikin katanga, ba ƙyaure sai tsohon asabari, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Tana ɓullewa tsakar gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke ce wa Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shekara ɗaya aka kawo su unguwar suna amare, ita da Inna. Ta kafar nan garwashi yake wucewa da safe, da gishiri, da daddawa, da ɗanɗanon miya, da labarin da ba a faɗa da ƙarfi. Ni kaina ta nan aka kira Gwaggo ranar da za a haife ni, amma duk ban tuna da wannan ba.

Ranar da na kawo zanen na shimfiɗa a tabarma ina ta bayani, ga falo, ga kicin, ga bayi na zamani. Inna ba ta karatun boko, ta dai ƙura wa takardar ido, can ta tambaye ni ina kafa a ciki. Na yi dariya, na ce mata ai ginin zamani ba a yi masa huda, ta nan ɓarayi ke shigowa, ta nan awaki ke shigowa su ɓata wuri. Ta ce ita tun da take ba ta ga abin da ya shigo ta nan ba sai alheri. Na ce ta bar mini wannan, aikina ne. Ita kuwa mace ce da ba ta maimaita magana. Tsohon maginin da na ɗauka, wanda shi ya yi wa mahaifinmu gyaran gidan tun ina yaro, shi ma ya ja ni gefe. Cikin girmamawa ya shaida mini cewa a unguwar nan ba a toshe kafa sai in an yi rigima an yanke zumunci, duk wanda ya ga an toshe zai ce gaba ake yi. Ya roƙe ni ko tsawon kamu biyu in bari. Kaico, bakina! Ce masa na yi an ɗauke shi ne ya bi takarda, ba ya koya mini aiki ba. Dattijon nan ya dube ni, ya ce Allah shi kyauta, ya koma kan bulonsa. Washegari Gwaggo ta aiko a tambaye ni ko wani laifi ta yi mana. Na aika mata da goro na ce babu komai, zamani ne ya zo da haka.

Gini ya tashi, ba ƙarya ya yi kyau. Na sa aka ɗaga katanga har ta fi tsawon mutum da hannunsa a miƙe, aka dasa fasassun kwalabe a kai, aka sa get na ƙarfe mai sakata ta ciki, na kuma kafa doka cewa kullum a rufe yake, ko da rana. Masu wucewa suna tsayawa suna yabo, kaina kuwa sai ƙara girma yake. Abin da ban lissafa ba shi ne, yanzu in Inna za ta ga Gwaggo sai ta ɗauki mayafi, ta fita get, ta zagaya dogon lungu, ta wuce gaban masallaci da majalisar maza, kana ta shiga ta zaure. Inna ga kunya, Gwaggo ga ciwon gwiwa. Mutanen da ke ganin juna sau goma a yini sai suka koma daga Juma'a sai Juma'a. Suna dai ɗaga murya ta saman katanga su gaisa, amma wace hira ce za a yi da ihu? Duk zuwan da na yi sai in tarar Inna ta ƙara yin shiru, ta ƙara ramewa. Na ce tsufa ne, na sayo mata rediyo.

A damina ta biyu da gama ginin abin ya faru, lokacin maimai, wato noma na biyu, sa'ad da ba ka samun namiji mai ƙarfi a unguwa da rana, duk suna gona. Ran nan ƙanena ya ɗauki matarsa a babur suka tafi bikin suna gidan iyayenta can Kajiji, ƙasar Shagari. Inna ta raka su bakin get, ta zura sakata kamar yadda na ce a riƙa yi. Da hantsi ta je ɗiban ruwa a randa, nan ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta ya saki, bakinta ya karkace, ko kira ba ta iya yi. Haka ta kwanta a tsakar gida, rana na dukanta, a cikin gidan da ɗanta ya gina mata don ta huta.

Gwaggo ce ta gane. Da aka kira azahar ta saurara ba ta ji ƙarar butar Inna ba, ita kuwa ta san Inna ba ta jinkirin alwala. Ta kira sau uku, shiru, sai kukan akuya da ba a ba ta dusa ba. Tsohuwar nan da ƙyar take miƙewa, amma ba ta tsaya neman mayafi ba, ba ta kuma bi titi ba. Ta wata kafar da ke ɗaya ɓangaren gidanta ta sunkuya ta faɗa gidan gaba, matar gidan ta ruga ta tata kafar, haka magana ta bi gida gida ta ciki, kafin a tayar da salla mata sun cika tsakar gidan Gwaggo. Wasu suka zagaya suka yi ta dukan get, ina, ƙarfe ne na ƙwarai, ni na zaɓe shi. Sai waɗanda ke gidan Gwaggo suka kifa turmi a gindin katanga, suka ɗora wani a kai, suka jefa tabarmi da bargo a kan kwalaben, wata yarinyar mace mai goyo ta kwance ɗanta ta miƙa, ta ɗaure zani ta hau suna riƙe da ita. Kwalba ta huda bargon ta yanke ta a tafin hannu da ƙwauri, duk da haka ta dira ciki ta zare sakata. Su suka ɗauki Inna a zani, su suka tare keke mai ƙafa uku, su suka kai ta asibiti. Ni sai waya aka yi mini ina ofis, ina zana wa wani katanga.

Da na iso likita ya tambaye ni tun yaushe ta faɗi, na ce ba na nan abin ya faru. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ne, kuma irin wannan ciwo saurin kawo mutum yana da muhimmanci ƙwarai, da an kawo ta tun da hantsi wataƙila da abin bai kai haka ba. Bai san abin da ya faɗa mini ba. Na fita bayan ɗakin na tsuguna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Washegari da na je gida na ga tabarmin nan har yanzu a saman katanga, ga jinin baiwar Allah nan ya bushe a jikin farin fentina.

Na shiga wurin Gwaggo na durƙusa, ina jiran ta wanke ni tas, don na cancanta. Ko kusa. Cewa ta yi in tashi, ta tambaya ko Inna ta iya haɗiye kunu. Da na tambaye ta yadda aka yi ta tara mata haka cikin ɗan lokaci ba waya a hannunta, sai ta yi dariya, ta ce ashe mai zanen gidaje bai san unguwarsu ba. Ta fara lissafa mini, daga gidanta sai gidan wane, daga nan sai gidan wance. Na nemo takarda, ita da matar ƙanena suna faɗa mini ina zanawa, don ni namiji ba hanyata ba ce. Edita, da na gama sai na dubi abin da ke hannuna. Gidaje fiye da goma a sarƙe da juna, tun daga bakin masallaci har kusa da rijiya. Ashe unguwarmu hanyoyi iri biyu gare ta, na waje da kowa ke gani, da na ciki da mata ke bi ba tare da sun taka titi ba. Naƙuda, rasuwa, gobara, rashin lafiya, duk ta nan ake kai ɗauki. Da na koma wurin tsohon magini na ba shi haƙuri, shi ya ƙara buɗe mini ido. Ya ce da gangan ake yin ta gajeriya, don jaki kada ya bi, namiji kuma kada ya faɗo kai tsaye. Ba a taɓa saita ta da zaure, kullum a ɓangaren mata take, inda baƙo ba ya hango ta. Har karkacewar lungunan da nake rainawa ya nuna mini dalilinsu, nan don inuwa, can don ruwan sama ya samu hanya, can kuma don kada ƙofar wani ta kalli ta wani. Mutanen nan ba su riƙe biro ba, amma sun san abin da ɗan Adam ke buƙata daga maƙwabcinsa, suka gina shi a cikin katanga. Ni shekara nawa na yi a makaranta, babu wanda ya koya mini wannan, kuma har yau in na tuna sai in ji girmansu ya cika mini zuciya.

Tun Inna na asibiti na sa aka kakkaɓe kwalaben, dattijon nan da hannunsa ya fasa bulon ya fitar da kafa a daidai inda take a da, bai ko yi awo ba. Inna ta dawo gida da ranta, alhamdu lillahi, amma ba ta sake takawa ba, harshenta kuma ya yi nauyi. Kafa ta dawo, ƙafar da za ta bi ta ce babu. Yanzu Gwaggo ce ke lallaɓowa da sandarta kullum ta zauna kusa da ita, ta yi ta hira ita kaɗai, Inna na gyaɗa kai.

Abin da na koya shi ne, gida ba a bakin katangarsa yake ƙarewa ba, kuma abin da bai fito a takarda ba yana iya zama shi ne ke riƙe da ran mutum. Ina kira ga 'yan'uwana masu zane, da duk wanda Allah Ya buɗa wa yake shirin rushe gidan iyaye ya yi na zamani: ku gina, ba laifi ba ne, amma kafin ku toshe ko huda ɗaya ku tambayi matan gidan me take yi a wurin, kuma in tsoho ya ce ku bari, ku tsaya ku ji dalili. Ni an gaya mini har sau uku ban ji ba. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da ido. Abu ɗaya kawai ta roƙa ranar da aka dawo da ita, da hannunta mai lafiya ta yi ta nuni har muka gane: a juya mata shimfiɗa ta fuskanci gidan Gwaggo. Har yau can take kallo.